Kogunan Arewa da Haƙƙin Wanda Ke Ƙasa

Ruwan saman da ya sauka dare ɗaya cikin watan Agusta a tudun da ke tsakanin Funtuwa da Zariya da Rogo, gida uku yake rabuwa kafin gari ya waye. Wani ya gangara yamma ya shiga Gulbin Sakkwato, ya bi ta Gusau da Argungu. Wani ya yi kudu ta Kubanni da Galma ya faɗa Kogin Kaduna. Na ukun ya nufi gabas ta Challawa, ya ratsa Wudil da Haɗeja. Biyun farko za su sake haɗuwa a cikin Kwara, can ƙasar Nupe, su tafi teku tare. Na ukun ba zai taɓa ganin teku ba. In ya yi sa'a ya kai Tafkin Chadi, in kuwa bai yi ba, rana da yashi da gonaki su shanye shi tun kafin ya wuce Gashuwa.

Wanda ya riƙe wannan rabuwar ya riƙe ginshiƙin labarin ƙasar Arewa. Tsaunukan Jos, waɗanda tsayinsu ya haura mita 1,200 a mafi yawan wurare, tare da doguwar jigawar da ta miƙe daga can ta bi ta Zazzau zuwa kudancin Katsina, su ne doron rufin, koguna kuma indararo. Daga Jos kaɗai Kaduna da Gongola da Jama'are suke tasowa, kowanne ya kama gabansa. Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne irin ƙasar da ruwan ke bi. A kan tudu, ƙarƙashin ƙasa fa ne da dutse, don haka kogi yakan zo da gudu, ya cika ya batse cikin 'yan sa'o'i, ya kuma janye da wuri. Da zarar ya sauka cikin kwarin Sakkwato ko kwarin Chadi, inda ƙasa ta zama yashi da laka kuma ta shimfiɗe, sai gudunsa ya mutu, ya bazu, ya rarrabu, ya haifi fadama. Shinkafa da alkama da albasa da kifi da ciyawar rani, duk a wannan bazuwar suke. Shi ya sa arzikin kogunanmu ya fi yawa a ƙasa, alhali wuraren da suka dace da gina madatsa suna sama, inda akwai kwazazzabo da dutse. Daga nan rigimar take farawa, kuma ita ce abin da nake son a duba da idon basira: duk shawarar da aka yanke a kan kogi, a sama ake yanke ta, a ƙasa ake biyan kuɗinta.

A fara da yamma. Gulbin Sakkwato yana tasowa kusa da Funtuwa, ya wuce Gusau da Talatar Mafara, ya haɗu da Rima dab da birnin Sakkwato, sannan su karkata kudu tare su bi Argungu da Birnin Kebbi, su ɗauki Gulbin Zamfara da Gulbin Ka a hanya, su zube cikin Kwara. Rima kuwa Bunsuru da Gagare ke ciyar da shi, da kuma wani gulbi mai tafiya ta ban sha'awa, wato Gulbin Maraɗi, wanda ke farawa a Najeriya ta wajen Jibiya, ya tsallaka Nijar ya shayar da lambunan Maraɗi, sannan ya dawo gida ya shiga Rima. Manomin Maraɗi yana ƙasa da madatsar Jibiya, manomin Sabon Birni kuma yana ƙasa da Maraɗi. Iyakar da Turawa suka shata sau biyu gulbin yake tsallake ta ba tare da ya sani ba.

Tarihin wannan yanki a bakin ruwa aka rubuta shi. Alƙalawa, babban birnin Gobir, a gefen Rima yake. Ƙarfin Kabi tun zamanin Kanta bai rabu da fadama da jiragen kwale-kwale ba. Da Muhammadu Bello ya tashi kafa Sakkwato a 1809, tudun da ke kallon mahaɗar gulbin biyu ya zaɓa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon al'adun duniya a 2016, shaida ce ta abin da gulbi yake nufi ga Kabawa. A Matan Fada, dubban masunta ne ke jeruwa a gaɓa, kowa da homa biyu a hannu da ƙaton gora. Ana ba da izini sai su ruga cikin ruwa gaba ɗaya. Goran shi ne abin hawa, mutum ya kifa ciki a kansa yana iyo, shi ne kuma ma'ajiyar abin da aka kama. Sai ka ga ƙato ya nutse ya ɗauki lokaci, ya ɓullo rungume da giwan ruwa da ya kusa kai shi tsawo. Kafin ranar, Sarkin Ruwa ya hana kowa taɓa wurin tsawon watanni, kuma wannan hanin shi ne ke sa kifin ya girma. Dokar kiyaye ruwa ce tun kafin a kafa wata ma'aikata.

A kan wannan gulbin ne kuma aka yi abin da bai kamata a manta ba. An kammala madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978, aka tashi dubban mutane daga gidajensu da gonakinsu, maganar diyya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Manoma suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka far musu, aka kashe mutane, aka ƙona ƙauyuka. Akwai kuma waɗanda ba a ƙirga su cikin masu asara ba ko kaɗan, wato manoman fadamar da ke ƙasa da madatsar. Malalar da suke jira kowace damina ta ragu, shinkafa ta ja baya, da yawa suka koma gero da dawa, kifi ya yi ƙaranci. Goronyo, da aka gina a kan Rima a 1984, ta nuna ɗaya fuskar matsalar a watan Satumba na 2010, lokacin da ruwa ya fi ƙarfinta, ya cinye garuruwa da gonaki, ya yanke hanyar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Madatsa tana iya hana ka ruwa shekara da shekaru, ta kuma sako maka shi duka cikin mako guda.

Kwara shi baƙo ne da ya zo daga nesa. Tsawonsa ya kai kilomita 4,180, na uku a Afirka. Yana tasowa a tsaunukan Gini, tazarar kusan kilomita 240 kacal daga teku, amma sai ya juya wa tekun baya ya nufi hamada. Ya wuce Bamako da Segu, ya bazu a wani makeken dausayi a tsakiyar Mali inda rana ke shanye kaso mai yawa nasa, ya gifta kusa da Tambutu, sannan ya lanƙwasa ya bi Gawo da Yamai da Gaya, ya shigo Najeriya ta Jihar Kebbi. Wannan doguwar hanya ce ta sa Kwara ke cika sau biyu a shekara a wajenmu. Cikar farko ta ruwan daminarmu ce, daga Agusta zuwa Oktoba, ruwa mai laka. Ta biyu kuwa ruwan Gini ne da ya makale a dausayin Mali, ba ya isowa sai cikin hunturu, ya zo garau domin ya sauke lakarsa a hanya. Don haka sai ka iske kogi yana ƙaruwa a Yawuri cikin watan Janairu, ga hazo, ga busassun karare a gona, an fi wata uku rabon da a ga ɗigon ruwan sama. Wannan cika ta biyu ita ke ba injinan madatsar Kainji abin juyawa da rani.

An gama Kainji a 1968. Tafkin da ta tara ya haɗiye tsohon garin Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, aka tashi mutane fiye da 40,000, aka gina Sabuwar Busa. Masunta Sarkawa daga Kabi suka kwararo suka kafa tunga a gefen tafkin, kamar yadda 'yan'uwansu suka yi a Binuwai da Chadi. Daga baya Jebba ta biyo a ƙasa da ita. A nan Najeriya ce a ƙasa, Gini da Mali da Nijar ne a sama, kuma mun san zafin hakan. A watan Yuni na 1985, a tsananin fari, Kwara ya daina gudana a Yamai. Wutar lantarkin da Najeriya ta daɗe tana tura wa Nijar ta Birnin Kebbi, an jima ana fahimtar cewa wani ɓangare ne na zaman mutunci a kan kogin: ku bar ruwa ya wuce, mu aiko muku da wuta. Da aka yanke wutar a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulki, har zuwa Maris na 2024, sai aka ba masu cewa Nijar ta gaggauta madatsar Kandaji a yankin Tillaberi hujjar da ba su taɓa samun irinta ba. A ganina wanda ke zaune ƙasa da maƙwabcinsa a kan kogi ɗaya ya kamata ya yi dogon tunani kafin ya ɗauki irin wannan mataki. Akwai hukumar ƙasashe tara masu raba Kwara, hedikwatarta a Yamai take, kuma a teburinta ya dace a riƙa warware irin wannan.

Kogin Kaduna, mai tsawon kusan kilomita 550, ya zama kogin lantarki: madatsar Shiroro tun 1990, sai Zungeru mai megawat 700 a baya-bayan nan. Yana shiga Kwara a ƙasar Nupe, daura da Patigi. Mutanen wannan yanki suna ƙasa da madatsu huɗu a lokaci guda, kusan kowace shekara ruwa na cin shinkafarsu, ga garuruwa da dama a cikinsu babu wutar kirki. Kogin ne hanyarsu ta zuwa kasuwa da biki, a cikin tsofaffin jiragen katako da ake maƙare wa kaya. Haɗarin jirgin Warra a Kebbi a 2021 da na Patigi a 2023, kowannensu ya ci rayuka masu yawan gaske. Tashar jiragen ruwa ta Baro, wadda aka ƙaddamar a 2019, har yanzu ba ta zama abin da aka yi alkawari ba, ga shi kuwa tun 1911 layin dogo ya haɗa Baro da Kano saboda kogin.

Binuwai daga tsaunukan Adamawa na Kamaru yake fitowa, ya wuce Garwa, ya shigo ta wajen Yola, ya karɓi Gongola a Numan, ya bi Ibi da Makurɗi, ya haɗu da Kwara a Lakwaja bayan tafiyar kusan kilomita 1,400. Duk shekarar da aka yi ambaliya, sunan madatsar Lagdo ake ambata, wadda Kamaru ta kammala a 1982. A 2012 mutane sama da 360 suka mutu, fiye da miliyan 2 suka rasa matsuguni, a 2022 kuma mamatan sun haura 600. Lagdo tana da nata kason, musamman ga Fufore da Yola da Numan. Amma ɗora mata laifin duka wata hanya ce ta kauce wa aikin gida. Faro, wanda ke da ƙarfi ƙwarai, a ƙasa da Lagdo yake shiga Binuwai. Taraba da Donga da Katsina-Ala suna gangarowa daga tsaunuka masu ruwan sama mai yawa, mafi yawansu ba abin da ke riƙe su. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara a Adamawa don ta tare abin da Lagdo ta sako, shekaru arba'in ke nan tana kan takarda. Su kuma garuruwa sai ƙara gini suke yi a cikin hanyar ruwa.

Inda maganar ta fi fitowa fili, kuma inda ta fi damuna, shi ne kwarin Haɗeja da Yobe. Kogin Kano da Challawa suna haɗuwa kafin a kai Wudil su zama Kogin Haɗeja. Jama'are yana zuwa daga Jos ta ƙasar Bauchi da Katagum. Dukansu suna shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayin yashi, ruwan ya rasa hanya ɗaya ƙwaƙƙwara, sai ya rarrabu tsakanin jigayin ya cika dausayin Haɗeja da Nguru. Abin da ya tsira ya tattaru kusa da Gashuwa ya zama Kogin Yobe, ya wuce Gaidam, ya karɓi Komadugu Gana a wajen Damasak, ya zama iyakar Najeriya da Nijar, ya shayar da gonakin tattasan Diffa, ya shiga Chadi kusa da Bosso da Malam Fatori. A wannan kwarin Ngazargamu, birnin sarakunan Borno, ya zauna shekaru sama da ɗari uku.

Yadda mutane suka zauna da dausayin abin koyi ne. Ruwa ya zo a Agusta, a shuka shinkafa, masunta su shiga da koma da gura. Ruwa ya fara janyewa, manomi ya bi sawunsa da wake da kankana da alkama a danshin da ya bari. A girbe, Fulani su shigo da shanu su ci kara da ɗanyar ciyawa, su bar taki. Fili ɗaya, masu ci uku, kowa da lokacinsa. Ruwan da ya kwanta watanni yana kuma tsatsafowa ƙasa ya cika rijiyoyin garuruwan da ke nesa da gaɓa. Tsuntsaye ma daga Turai suke zuwa su yi hunturu a nan.

Aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gina ta Challawa a 1992. Ba wanda zai musa amfaninsu. Tumatirin Kadawa da shinkafar Kura da ruwan famfon Kano duk daga nan suke, kuma birni mai miliyoyin jama'a dole ya sha ruwa. Amma madatsun sun sauya wa kogin ɗabi'a. Da can yakan cika da damina ya bushe ƙaf da rani. Yanzu babbar cikar ta ragu, ga ɗan ruwa kuma yana gudana duk shekara. Malalar da kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekarun albarka ta koma ƙasa da rabin haka a shekaru da dama. Ruwan da ba ya ƙafewa kuma ya yi wa kacalla daɗi. Ciyawa ce mai tsawo fiye da mutum, mai saiwa a sarƙe, a da fari da ƙarfin ambaliya ke kashe ta. Yanzu ta cika magudanai, laka ta taru a gindinta, hanyoyin da ke kai ruwa Gashuwa suka toshe, ruwan ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru. Sakamakon shi ne wani gari gonarsa tana ƙarƙashin ruwa shekara da shekaru, wani kuma can gaba tashi ta bushe ta tsattsage. Cikin kacallar ne jan baki ke kwana, su fito da asuba kamar hadari su sauka a kan shinkafa, yara su wuni a kan dakali suna kaɗa gwangwani da jan igiya, karatu ya tsaya. Mutanen ƙauyuka kan fita aikin gayya da lauje da adda, ruwa iya ƙirji, su buɗe hanya, kafin shekara ta zagayo ta sake rufewa.

Masu binciken tattalin arziki da suka auna abin a farkon shekarun 1990 sun gano cewa ruwa ɗaya in aka bar shi ya malala a dausayi, abin da yake samarwa na noma da kifi da itace ya fi abin da yake samarwa a manyan gonakin ban ruwa na sama. Ba a ga wannan arzikin ne saboda a warwatse yake a hannun talakawa, ba ya shiga littafin kowace ma'aikata. Shi ya sa maganar madatsar Kafin Zaki a kan Jama'are take tayar da jijiyar wuya tsakanin Bauchi da Yobe da Borno duk lokacin da aka tado ta. Bauchi tana da haƙƙin neman noman rani. Amma yau kusan duk ruwan da ke wucewa Gashuwa na Jama'are ne. In aka tare shi ba tare da rubutacciyar ƙa'idar nawa za a saki da kuma yaushe ba, an yanke wa Bade da Gaidam da Diffa hukunci ba tare da an ji ta bakinsu ba. A 2006 jihohi shida na kwarin sun haɗu a Damaturu sun kafa asusun kula da shi. Tunani ne mai kyau, ya kamata a ba shi haƙora: a riƙa sakin ruwa daga Tiga da Challawa da yawa a ƙarshen damina, a rage shi ƙwarai da rani, yadda kogin zai ɗan koma halinsa na da. Kano kuma tana da wani bashin, domin dattin masana'antun jima da ke shiga Challawa da Jakara, mutanen ƙasa ne ke wanka da shi suna ba lambu.

Kudu da nan akwai Yedseram daga tsaunukan Mandara, mai bi ta Mubi da Bama, da kuma Ngadda mai ratsa Maiduguri ya ƙare a fadamar Jere. Ranar 10 ga Satumba, 2024 madatsar Alau da ke kan Ngadda ta ɓalle cikin dare, ruwa ya shiga Gwange da babbar kasuwa da fadar Shehu, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Shekaru talatin kafin nan, a 1994, an ga irin haka. Madatsar da aka gina da kuɗi mai yawa tana buƙatar gyara da duba na kullum, ita ma kuma sanarwa tana buƙatar ta isa kunnen mutum da harshen da yake ji, tun da sauran lokacin kwashe yara.

Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a tsakiyar shekarun 1980. Ya ɗan farfaɗo daga baya, yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon damina. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna ke kai masa daga Chari da Logone ne, masu tasowa daga Afirka ta Tsakiya da Kamaru. Kason Yobe ƙarami ne, sai dai yana shiga ne ta arewacin tafkin, ɓangaren da ya fi saurin ƙafewa, don haka yana da nauyi ga mutanen wurin. Babban aikin ban ruwa na Marte da aka kashe wa dukiya a shekarun 1970, ruwa ya janye ya bar magudanansa a bushe. Tun daga lokacin ake ta maganar janyo ruwa daga kwarin Kwango ta tazarar kilomita dubbai, ana ta taro a kai a hukumar tafkin da aka kafa a 1964. Ban ga laifin a yi nazarinsa ba. Amma kuɗin share kacalla daga Haɗeja zuwa Gashuwa, da kafa ma'aunin ruwa a kowace gada, da gyara Alau da Goronyo, bai kai ƙwayar abin da wancan zai ci ba, kuma ba ya jiran amincewar wata ƙasa. Gwamnonin Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno za su iya fara shi a kasafin kuɗin shekara mai zuwa.